Kaka a Bakin Volta: Nasiha ga Matasan Tamale Masu Sha'awar Su

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kumasi daga Tamale a watan Oktoba ya san abin da ake tararwa a Yapei. Kafin direba ya gama rage gudu a bakin gadar Farin Volta, mata sun riga sun yanyame motar da farantai a ka: soyayyen kifi, kifin banda, wani sa'in har da tarwaɗa mai rai tana fisge-fisge a cikin baho. Kogin da ke ƙasa ya cika ya batse, jawur da laka, ya haye gaɓa ya shiga gonaki. Saurayin da ke zaune a bakin taga, wanda ya gama makaranta shekara biyu ke nan yana zaman jiran aiki, yakan dubi wannan hada-hada ya buga lissafi a zuci. Kifi dai kyauta yake a ruwa. Kwale-kwale bai kai tsadar babur mai ƙafa uku ba. Kasuwar Aboabo kuwa ba ta taɓa ƙoshi da kifi ba, ga shi tsakanin Yapei da Tamale bai wuce kilomita 50 ba.

Lissafin nan akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, kuma babu dalilin kashe wa yaro gwiwa. Su sana'a ce ta mutunci, ta ciyar da gidaje tun kafin a san albashi. Gibin da ke cikin lissafin ɗaya ne: an sa kuɗin kwale-kwale, an sa kuɗin kalli, an manta da kuɗin sanin ruwa, wanda ba a biyansa da sidi sai da lokaci. Kuma a duk shekara babu lokacin da ruwan Volta ke koyar da darasi a fili kamar kaka.

Sai an fara sanin wane irin ruwa ne wannan. Tafkin Volta ba halittar fil'azal ba ce, ɗan Adam ne ya tare kogi ya yi shi. An fara ginin madatsar Akosombo a 1961, ruwa ya fara taruwa a 1964, aka gama aikin a 1965, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a farkon 1966. Ruwan da ya taru a bayanta ya mamaye murabba'in kilomita kusan 8,500, ya miƙo hannuwa arewa har Buipe ta ɓangaren Baƙin Volta da kusa da Yapei ta ɓangaren Farin Volta. Mutane wajen 80,000 aka tasa daga ƙauyuka fiye da 700, aka sake musu mazauni a sababbin garuruwa 52. Cikin wuraren da ruwa ya haɗiye har da tsohon garin Kete-Krachi, zangon Hausawa inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya baro Salaga, ya zauna ya koyar har ya rasu a 1934. A Yeji, inda ayarin fataken goro kan tsallaka kogi a kan hanyar Salaga zuwa Kumasi, yanzu babban jirgin fito ne ke ɗaukar motoci zuwa Makango, kuma garin ya zama babbar kasuwar kifin tafkin.

Wannan tarihi yana da amfani ga masunci fiye da yadda yake da shi ga ɗan jarrabawa. Abin da ruwa ya rufe yana nan a ƙasa bai je ko'ina ba. Tsohon kwarin kogi na nan da lanƙwashe-lanƙwashensa, rafukan da ke zuba a cikinsa na nan, tuddai na nan, haka ma dajin da ba a sare ba kafin ruwa ya zo. Idon baƙo shimfiɗa ɗaya yake gani, lumbu-lumbu daga nan har can. Kifi kuwa tsohuwar ƙasar yake bi. Yana tafiya ta kwarin kogi kamar yadda matafiyi ke bin gwadabe, yana laɓewa a gindin matattun itatuwa, yana kiwo a kan tudun da ruwa ya rufe da ƙyar. Dattijon masunci da zai nuna wani wuri a tsakiyar ruwa ya ce nan ne mahaɗar rafi kaza da kogi, taswira ce a kansa wadda ya gada ko ya haɗa da kansa cikin shekaru, da gora yana auna zurfi.

Itatuwan nan ma su suka yi wa tafkin arzikinsa na farko. Gansakuka ta lulluɓe su, tsutsar wani ƙwaron ruwa ta shiga huda su tana yaɗuwa, kifi ya sami abinci ba iyaka. Karfasa ta yi yawa, wasu kifayen da suka saba da ruwa mai gudu kuma suka ja baya zuwa hannuwan arewa inda kogi bai mutu ba. A 1969 abin da aka kama a tafkin ya kai tan kusan 61,000, daga baya ya sauka ya tsaya wajen tan 40,000 na tsawon shekaru. Masunta suka kwararo daga kudu, galibinsu Ewe na yankin Tongu waɗanda madatsar ta kashe musu kamun ƙasan kogi, sai Ada da Fante, aka haɗu da Gwanjawa masu ƙasa da Hausawan zango da baƙi daga Mali da Nijar. Saurayin Tamale da ya sauka a bakin ruwa yau, cikin mutanen da suka riga shi da shekara 60 zai shiga. Ya shiga da sallama da ladabi.

Ruwan yana da kalanda, kuma ba ya saɓa ta da yawa. Yakan kai ƙarshen raguwarsa wajen Yuni zuwa Yuli. Daga Agusta sai ya fara hawa, domin ruwan saman da ya zuba a arewacin Gana da Burkina Faso ya fara isowa, ga kuma madatsar Bagre da mahukuntan Burkina kan buɗe kusan kowace shekara a Agusta ko Satumba, ruwanta ya biyo Farin Volta ta Pwalugu da Nawuni da Daboya. Wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba tafkin ke kaiwa maƙura. A Akosombo ana auna shi da ƙafa: 240 ita ce ƙasa, 278 ita ce iyakar da ba a so ya wuce. A 2023 ya matso iyakar har sai da Hukumar Kogin Volta ta buɗe ƙofofi daga 15 ga Satumba, ruwa ya ci Mepe da garuruwan ƙasan kogi, dubban mutane suka rasa muhalli. A arewa ma Buipe ta sha ruwa a wannan shekarar.

Hawan ruwa shi ne lokacin aure da haihuwa a wurin yawancin kifaye. Da ruwa ya haye gaɓa ya shiga ciyawa, tarwaɗa ke bin sa cikin dare ta zuba ƙwai a fadama. Bargi na gyara gurbi a tsakiyar ciyawa kamar kaza, yauni na haɗa sheƙa mai yawo a kan ruwa yana gadinta, kuma masu su sun san ba a kusantar sheƙar yauni da wasa, don yana cizo. Karfasa ita kuma a baki take goyon ƙwanta da 'ya'yanta har su yi wayo. Ciyawar da ruwa ya rufe ta zama ɗakin jego da rumbun abinci gaba ɗaya. Watanni biyu zuwa uku ƙananan kifi na ci suna girma a inda babban kifi ba ya iya kutsawa.

Sai kaka ta zo, sama ta ɗauke, ruwa ya fara ja. Duk abin da ya shiga fadama dole ya fito, kuma ƙofar fita ƙunci gare ta: bakin rafi, wuyan fadama, ɗan kwarin da ke haɗa tafki da kududdufi. A nan manyan ke jira. Tsage na kai farmaki a garke, ragon ruwa na kwanto a ƙasa, giwan ruwa na tsaye a gefen zurfi inda kwarin tsohon kogi ya faɗa. Kifi a wannan lokaci ya yi ƙiba, ya tara mai, kuma ya taru wuri ɗaya maimakon ya bazu cikin daji. Shi ya sa makonnin nan na jan ruwa ke da albarka, shi ya sa kuma ɓarnar da ake iya yi a cikinsu ta fi ta kowane lokaci.

Ga yadda karatun yake a zahiri. Da yamma liƙis, bayan la'asar, dattijo ya sauko bakin ruwa da yaron da ke koyo a hannunsa. Yaron ya ƙagu, ya riga ya ɗauko kalli ya aza a kwale-kwale.

"Baba, ina za mu zuba yau?"

"Je ka dubo mini sandar nan tukuna."

Sanda ce da aka kafa jiya daidai bakin ruwa. Yaron ya dawo ya ce ruwa ya bar ta da kamar tafin hannu. Dattijon ya gyaɗa kai, ya tsaya yana kallon inda jan ruwan rafi ke haɗuwa da ruwan tafki mai haske, layi ya fito sarai kamar an ja da alli. Can gefe zalɓe biyu sun tsaya cikin ruwa iya gwiwa, ba sa motsi. Ƙananan kifi na tsalle jefi-jefi kamar ana watsa tsakuwa.

"Ka ga wancan tsallen? Ba wasa suke yi ba, koro su ake yi daga ƙasa. Gefen layin nan za mu bi, ta ɓangaren zurfi. Kada ka kai kallin kusa da kututturen can, ya ci mini biyu bara."

Babu tsafi a cikin wannan. Sanda ta faɗi saurin jan ruwa, launin ruwa ya nuna mahaɗa, tsuntsu ya nuna inda ƙananan kifi suke, tsalle ya nuna akwai mai farauta. Haka ake koyon cewa manyan kifi sun fi cin ƙugiya da asuba da kuma gab da magariba, cewa a cewar masunta kalli ba ya kamu sosai a daren farin wata, cewa can ƙasan zurfin tafki iska ta yi ƙaranci har kifi ba ya zama, don haka mai sakin mamari har ƙasa a tsakiyar tafki yana ciyar da laka ne kawai. Idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu ruwa ya yi sanyi, karfasa ta rage ci, wuraren kamu su sake. Wanda ya koyi wuri ɗaya a Oktoba ya ɗauka ya gama karatu zai sha mamaki kafin sabuwar shekara.

Abin sha'awa, wannan ilimi iri ɗaya ne har a ƙasashen da ruwa ke daskarewa. A Amurka an datse kogin Misuri an yi manyan tafkuna, irin su Oahe a jihar Dakota ta Kudu da Sakakawea a Dakota ta Arewa. Akwai wani kifi da suke ji da shi a can, suna kiransa walleye, mai ido kamar na kyanwa, wanda ke gani a duhu ya yi farauta da asuba da almuru. Idan kakarsu ta zo ruwa ya fara sanyi, kifin nan yakan dage da ci kafin ƙanƙara ta rufe, yana bin garken ƙananan kifi. Masu kamunsa na da jirage masu inji da na'urar da ke nuna ƙasan ruwa a allo, amma abin da suke nema da na'urar shi ne abin da dattijon Yapei ke nema da gora: tsohon kwarin kogi, hancin tudu, bakin rafi. Bambancin da ya kamata matashi ya lura da shi yana wajen doka. A Dakota ta Kudu ƙa'idar da aka saba ita ce mutum ba ya wuce guda 4 a rana, kuma ɗaya kacal aka yarda ya kai inci 20, don a bar manyan mata su yi ƙwai. A 2011 ambaliya ta tilasta aka saki ruwa mai yawa daga Oahe, ya tafi da mafi yawan ƙananan kifin da walleye ke ci. Shekarun da suka biyo baya aka riƙa kamo shi a rame, kai babba jiki ba nama. Su don nishaɗi suke yi, masuncin Volta don tuwo yake yi, ba za a ce ya tsaya a guda 4 ba. Amma cikin babban kifi ɗaya ne a ko'ina: in aka kwashe ƙananan, shi ma ya tafi.

A nan ne nasihar ta zama mai ɗaci. Akwai gajerun hanyoyi a bakin Volta, kuma sabon shiga shi aka fi yi wa tallarsu, don shi ne mai bashi a wuya da gaggawar biya. Za a nuna masa gidan sauron da aka raba kyauta a asibiti don kare jarirai daga zazzaɓi, an ɗinke shi an mai da shi taru, ana jan sa a bakin fadama daidai lokacin da 'ya'yan kifi ke fitowa. Baho ɗaya na irin wannan kamu, wanda ake sayarwa a kuɗin da bai taka kara ya karya ba, dubban karfasa ne da tsage da giwan ruwa waɗanda da an bar su wata shida da kowanne ya cika faranti. Akwai ɗan mitsitsin kifin nan da ake soyawa a sayar a tashoshin kudu, wanda iyakar girmansa ke nan, amma tarun da ke kama shi a bakin gaɓa ba ya tambayar wane ne ɗan wane. Za a nuna masa bututun gora da ake jerawa a ƙasan ruwa, wani kifi mai ƙaya ɗan uwan ragon ruwa ya shiga ciki da matarsa don yin ƙwai, a ɗago su duka har ƙwan. Mafi muni, za a raɗa masa maganar guba. Tafkin nan ya sha fama da masu zuba maganin ƙwarin koko, Gammalin 20, kifi ya taso ciki sama, a kwashe a kai kasuwa, mutanen ƙauye kuma su ɗebi ruwan su sha. Dokar kamun kifi ta 2002 da ƙa'idojin 2010 sun haramta guba da nakiya, sun kuma ƙayyade faɗin idon raga. Tafkin Kainji a Nijeriya, wanda aka datse a 1968, ya bi ta wannan hanya har sai da jihohin Neja da Kebbi suka haramta taru mai ƙananan ido a shekarun 1990.

Jami'in gwamnati ba zai iya tsare gaɓar da ta kai dubban kilomitoci ba, kowa ya san haka. Abin da ya tsare kogin Argungu har ake fito da giwan ruwa mai kilo 70 da ɗoriya a ranar bikin su, shi ne an hana taɓa wurin sauran shekara, kuma Sarkin Ruwa na da bakin magana. Matashin da ya yi boko ya fi kowa sanin lissafin, don haka uzurinsa ya fi na kowa rauni. Giwan ruwa mace babba ƙwai miliyoyi take zubawa. Bargin da ke kan gurbi a Satumba, in aka ƙyale shi, shi ne kamun baɗi.

Sai maganar rai, wadda ta fi kifi. Itatuwan da suka ciyar da tafkin su ne kuma makasansa. Idan ruwa ya cika suna ɓoye ƙasa kaɗan da fuskar ruwa, jirgi mai inji ya taho da gudu ya hau kai, katako ya tsage. A Afrilun 2006 wani jirgi da ya ɗauko mutanen da aka tasa daga gandun dajin Digya ya kife a tafkin, aka yi asarar rayuka, kuma kafin shi da bayansa an yi irin haka ba sau ɗaya ba sau biyu ba, kusan kullum da dalilai guda: lodi ya wuce kima, kututture, iska, babu rigar ruwa. Hadarin ƙarshen damina shi ya fi sharri, don yakan taso daga gabas cikin mintoci, ya mai da tafki kamar teku. Bayansa hazon hunturu ke zuwa, mutum ya bar gaɓa da ɗan nisa ya rasa gabas da yamma. Yawancin 'ya'yan Tamale a tudu suka tashi, iyakar ninƙayarsu ta dam ɗin unguwa ce. Iya ruwa fid da kai, in ji Hausawa, kuma wanda bai iya ba ya koya a inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa kafin ya hau kwale-kwale. Rigar ruwa ba ta rage wa namiji komai. Wanda abokai suka yi wa dariya don ya sa ta, ya bar su su dara.

Akwai wata cuta kuma da ba ta da hayaniya. Bayan cikar tafkin, tsargiya ta yaɗu a ƙauyukan gaɓa fiye da da, domin katantanwar da ke ɗauke da ita na son ruwa mai kwanciya da ciyawa. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya nufi asibiti, maganinta ƙwaya ce da ake sha, ba a bar ta ta ci mafitsara ba.

Wani abu da saurayi zai gani da idonsa a wasu sansanonin su, kuma ya kamata ya yanke wa kansa hukunci a kai tun kafin ya gani, shi ne yara ƙanana a cikin kwale-kwale tun kafin asuba. Wasu 'ya'yan gida ne da ke taya iyaye bayan makaranta. Wasu kuwa an karɓo su ne daga iyaye matalauta a nesa, a kan ɗan kuɗi kaɗan, su kwashe ruwa, su ja raga, kuma in kalli ya sarƙe a kututture a ce su nutsa su kwance shi. Yara da dama sun nutsa ba su fito ba. Dokar yara ta 1998 ta hana sa wanda bai kai 18 ba aiki mai haɗari, dokar 2005 ta mai da safarar mutane babban laifi. James Kofi Annan, wanda ya yi shekara 7 yana irin wannan bauta a tafkin tun yana ɗan shekara 6, ya tsere ya yi karatu ya kafa ƙungiyar Challenging Heights da ke ceto irin waɗannan yara. Ranar da matashi ya zama mai jirgin kansa, wani zai zo masa da tayin yaro mai arha. Kallin da ya sarƙe a yanke shi, kuɗinsa sananne ne.

Ba kowa ne ma ya kamata ya hau ruwa ba, kuma a nan ne 'ya'yan Tamale suka fi samun ƙofa. Rabin arzikin kifi a tudu yake. Kifin da aka fid da shi da hantsi, in bai ga ƙanƙara ko wuta ko gishiri ba, kafin la'asar ya fara sauya wari, kuma a kaka da kamu ke yawa a nan ake tafka asara. A duba matan banda a Buipe ko Yeji. Tun kwale-kwale bai taɓa gaɓa ba sun shiga ruwa iya cinya da bahuna, ciniki ya ƙare a tsaye. A fede, a wanke, a lanƙwasa tarwaɗa a soke wutsiyarta a baki ta zama zobe, a jera a kan ragar waya mai firam ɗin katako, a ɗora tire bisa tire a kan murhun laka. Wannan murhu shi ake kira Chorkor, sunan unguwar masunta a Ankara inda aka ƙirƙiro shi a 1969, kuma bai kai tsohuwar banda cin itace ba. Wuta mai ƙarfi da fari don kifi ya dahu, sannan hayaƙi a hankali, ana sauya tire na ƙasa ya koma sama. Wadda ta iya, kifinta ya yi makonni bai yi tsutsa ba. Wadda ta yi gaggawa, waje ya yi baƙi ciki ɗanye, ya ruɓe a kwando kafin Tamale. Karfasar da ta yi saura a cika ta da gishiri a shanya, ta zama koobi, mutanen kudu su saya da daraja. Matan nan su ne bankin bakin ruwa: su ke ba masunci bashin kalli da man inji, shi kuma ya sayar musu a farashin da aka yi alkawari. Saurayin da ya zo da jarinsa yana zaton zai tsaya a gaɓa ya saye kamun duk wanda ya ga dama zai tarar kowane kwale-kwale da uwar ɗakinsa. Gara ya fara da gaisuwa: "Hajiya, ina kwana, na zo koyo ne." Zai ɗauki kwando wata uku, amma zai san wane kifi ke karyewa a hanya, wane ne Dagombawa suka fi so a miya, wane ne sai Kumasi.

A ƙasar da kaɗanya ke ciyar da mata, mai banda ya kula da itacen da yake saya. Ribar da aka ci da ɗanyar kaɗanya, an cire ta ne daga tukunyar wata.

Wanda nisan Buipe ya yi masa yawa, makaranta na nan a bayan gida. Dam ɗin Bontanga a gundumar Kumbungu, na Golinga a Tolon da na Libga a Savelugu duk ana su a cikinsu, duk suna cika da damina su ja da rani, kuma abin da babban tafki ke yi su ma suna yi a ƙaramin sikeli, inda ido zai iya bin sa daga gaɓa zuwa gaɓa. A Nyankpala, Jami'ar Nazarin Ci Gaba na da sashen koyar da harkar kifi da albarkatun ruwa. Kiwon karfasa a keji ya bunƙasa a kudancin tafkin, kiwon tarwaɗa a tanki kuma ya shigo birane, sai dai shi ma ba a faɗa masa da ka: a 2018 cuta ta kashe karfasa masu ɗimbin yawa a kejin Volta, kuma abincin kifi shi ke cinye mafi yawan jari. Matashi mai waya a hannu yana da abin da dattijo ba shi da shi. Zai iya jin sanarwar buɗe Bagre kwanaki kafin ruwa ya iso, ya duba hasashen hadari, ya sa alamar kututture a taswira, ya ji farashin Aboabo kafin ya yi ciniki a gaɓa. In ya kawo wannan ya ajiye gaban dattijo da ladabi, dattijo zai buɗe masa abin da ba ya cikin waya.

Bana ma ruwan zai kai ƙarshen cikarsa wajen ƙarshen Oktoba, ya fara ja. Saurayin da ke da niyya ya bar kuɗin kalli a adashi tukuna. Ya sayi rigar ruwa da ɗan littafin rubutu, ya nemi maigida a Yapei ko Buipe ko Bontanga tun Satumba, ya yi kaka ɗaya cur yana rubuta inda ruwa ya tsaya kowace safiya, abin da aka kama, a ina, da nawa aka sayar.